Ribatar Makonnin Ƙarshe na Shekarar Hijira

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, kuma Allah Ya rufe ta da watanni biyu masu alfarma, Zulƙida da Zulhajji. Bai kamaci muridi ya bar su su wuce yana cikin gafala ba.

Goman farko na Zulhajji suna cikin mafiya darajar kwanakin duniya. Ranar 9 ga wata ita ce Arfa, kuma ya inganta cewa azuminta, ga wanda ba ya aikin Hajji, yana kankare zunuban shekarar da ta gabata da mai zuwa. Ranar 10 ake fara layya, a mazhabar Malikiyya kuma ana yanka har ranar 12. Akan yi kabbara bayan sallolin farilla 15, daga Azahar ta ranar Sallah zuwa Asuba ta ranar 13.

Inda ake yawan yin asara shi ne bayan nan. Da zarar an gama suyar nama sai himma ta yi sanyi, zawiyoyi su rage cika, alhali saura fiye da mako biyu, kuma watan bai fita daga alfarmarsa ba. Waɗannan kwanaki na muhasaba ne, wato mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa. Saboda wannan ɗabi'a aka yi wa Harisu, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan Hijira, laƙabi da Al-Muhasibi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kamanta al'amarin a Ihya'u da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: farilla ce uwar kuɗi, nafila riba, saɓo kuwa faɗuwa.

Lissafin yana da ƙofofi uku. Ta farko haƙƙin Allah: sallolin da suka kuɓuce, ramuwar azumi, da wuridin da aka yi sakaci da shi. Ta biyu zakka. Nisabin zinariya misƙali 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40, kuma da shekarar wata ake ƙirga zagayowarta. Mai bin kalandar Bature yana jinkirta haƙƙin miskinai da kusan kwana 11 kowace shekara, cikin shekara 33 zai tarar zakkar shekara guda ta salwanta a wuyansa bai sani ba.

Ta uku ita ce mafi nauyi, haƙƙin bayi. Tuba ba ya cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai halin biya da ya yi taurin bashi azzalumi ne. Haka mai riƙe da gādon marayu, da mai gaba da ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Yawan jan carbi ba ya sauke wannan kaya, sai an taka har ƙofar mai haƙƙi an biya shi ko an nemi yafewarsa.

Wanda ya yi haka zai tarbi Muharram da zuciya wankakkiya. Wanda ya ce sai baɗi, babu wanda ya lamunce masa baɗin.

Allah Ya karɓi ayyuka, Ya yafe kurakurai, Ya sa a cika da imani, albarkacin Annabi (SAW). Amin.