Wa Zai Binciki Mai Bincike? Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An umarce ni, a matsayina na akanta, in yi bayani kan abubuwan da ke sa aikin odita ya yi inganci ko ya lalace a kamfanonin da ke sayar da hannun jarinsu ga jama'a. Batun ya shafe mu duka. Da yawanmu mun sayi hannun jarin bankuna da kamfanoni, kuma tun bayan dokar fansho ta 2004 ana zuba wani kaso na kuɗin fanshon ma'aikata a wannan kasuwa. Ba mu ne muke riƙe da littattafan kamfani ba. Sa hannun odita muke gani mu amince.

Abu na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne 'yancin odita. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. A Amurka, a shekarar 2000, kamfanin Enron ya biya Arthur Andersen dala miliyan 25 kuɗin binciken lissafi, ya ƙara masa dala miliyan 27 kuɗin ba da shawara da wasu ayyuka. Yaya za a yi mai bincike ya ɗaga murya ga wanda ke ciyar da shi haka? Enron ya durƙushe a 2001, ma'aikata suka rasa aiki da ajiyar tsufansu, Andersen kuma ya bi shi a 2002. A wannan shekarar Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta hana odita yi wa kamfanin da yake bincika yawancin irin waɗannan ayyuka.

Na biyu shi ne daɗewa. Sabo da manajoji yakan kashe kaifin ido. Shi ya sa ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na Nijeriya na 2018 suka ce kada kamfanin odita ya wuce shekara 10 a jere a wuri ɗaya, a kuma canja babban jami'in da ke jagorantar binciken bayan shekara 5.

Na uku, ƙwarewa da rashin saurin yarda. Babban suna bai isa ba. A Jamus, EY ne ke binciken kamfanin Wirecard shekara da shekaru. A watan Yuni na 2020 aka wayi gari yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su. Darasin da ake koya wa ɗalibin akanta tun farko ke nan: ka tambayi banki da kanka, kada ka tsaya kan takardar da aka miƙo maka.

Na huɗu, tsoron hukunci. A nan gida, a 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13. A 2008 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta hukunta kamfanin da wasu daraktocinsa, ta kuma ci tarar oditansa. A 2011 aka kafa majalisar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa. Inda odita ya san zai iya rasa lasisinsa, zai ƙara duba kafin ya sa hannu.

To, ina namu aikin? Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi kwamitin odita mai mutum 5: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa tafiyar da harkokin yau da kullum. Ke nan rinjaye yana hannunmu. A babban taron shekara muke zaɓensu, a nan kuma ake amincewa da naɗin odita. Amma mu nawa ne muke zuwa? Mu nawa ne muke karanta rahoton kafin mu tambayi ribar da za a raba?

Shawarata ita ce, idan rahoton shekara ya zo, ku duba abu uku: shekara nawa odita ya yi, nawa aka biya shi ban da kuɗin bincike, kuma ko ya nuna wani shakku a ra'ayinsa. Wanda bai gane ba ya nemi akantocin da ke cikinmu, ba mu da kaɗan.

Ga malamanmu da suka hana mu karɓar amsa sai mun ga yadda aka yi lissafin, Allah ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.