Seamus Coleman: Ɗan bayan da Everton ta saya fam dubu 60

Yau ba zancen Messi ko Ronaldo na kawo muku ba. Zan ɗauke ku zuwa ƙasar Ailan, mu yi hirar wani ɗan baya mai buga lamba 2, wanda da wuya ka ji ana musu a kansa a gidan kallo. Sunansa Seamus Coleman. Tambayar da nake so mu riƙe har ƙarshen shirin ita ce: da me ake auna ɗan ƙwallo? Da kuɗin da aka saye shi, da kofunan da ya ɗaga, ko akwai wani ma'auni daban?

An haifi Coleman a watan Oktoban 1988, ya tashi a Killybegs, wani ƙaramin garin masunta da ke yankin Donegal a arewa maso yammacin Ailan. A can, wasan da yara suka fi tashi da shi shi ne ƙwallon gargajiyar ƙasar da ake kira Gaelic, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa. Shi ma ita ya fara bugawa. Bai shiga wata babbar makarantar koyon ƙwallo ta Ingila yana yaro ba. A ƙungiyar garinsu, St Catherine's, Sligo Rovers ta gan shi a wani wasan sada zumunta, ta ɗauke shi a 2006.

A watan Janairun 2009 kocin Everton David Moyes ya saye shi kan fam dubu 60. Ku ji da kyau, dubu fa na ce, ba miliyan ba. A shekarar nan ce Real Madrid ta biya fam miliyan 80 ta ɗauki Ronaldo daga Manchester United. Wato kuɗin Ronaldo zai sayi Coleman sama da dubu ɗaya, har a ba ka canji.

To, farkon nasa bai zo da daɗi ba ko kaɗan. Wasansa na farko a Everton shi ne na gasar Europa da Benfica a birnin Lisbon, a watan Oktoban 2009. Benfica ta lokacin, mai su Di María, ta zuba musu 5 ba ko ɗaya. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara 21 da aka ɗauko daga ƙaramar gasa, ranar farko a yi masa wannan wankin. Wani daga nan ne gwiwarsa za ta yi sanyi, ba za a ƙara jin labarinsa ba.

Amma a watan Disambar shekarar, Everton na karawa da Tottenham a Goodison Park, sai ɗan Najeriya Joseph Yobo ya ji rauni tun kafin hutun rabin lokaci, aka sako Coleman a madadinsa. Tottenham ta ci 2, kowa ya ɗauka an gama. Yaron nan ya dinga kutsawa ta gefen dama, da hannunsa a ƙwallaye biyun da Louis Saha da Tim Cahill suka farke. Aka tashi 2-2, shi aka zaɓa gwarzon wasan. Daga baya aka ba Blackpool aronsa a 2010, ya taimaka mata ta hau Firimiya bayan doke Cardiff 3-2 a Wembley.

Kakar da ya fi haskawa ita ce ta 2013/14 a ƙarƙashin Roberto Martínez. Ɗan baya ne, amma ya ci ƙwallo 6 a Firimiya, Everton ta ƙare a mataki na 5 da maki 72, 'yan wasa 'yan uwansa kuma suka saka shi cikin gwarazan sha ɗaya na kakar. Me ya sa ya yi fice? Martínez yana son 'yan bayan gefe su hau sama sosai. Leighton Baines na hagu, Coleman na dama. Shi kuma ba ya tsayawa bakin layi yana jiran ya yi kurosin kawai, shiga cikin da'ira yake yi kamar ɗan gaba, sannan ya sheƙo da gudu ya dawo tsaro. Wannan aiki sai mai huhu.

A ɓangaren ƙasarsa, ya fara buga wa Ailan a 2011. A gasar Turai ta 2016 a Faransa, shi ya ɗaura kambun kyaftin ranar da suka doke Italiya 1-0 da ƙwallon Robbie Brady, suka tsallaka zagaye na gaba. Da Robbie Keane ya yi ritaya a shekarar, Coleman ya zama kyaftin na dindindin.

Sai jarrabawa ta zo. Ranar 24 ga Maris 2017, a wasan neman shiga gasar kofin duniya da Wales a Dublin, Neil Taylor ya yi masa wata mummunar shiga, ƙafarsa ta dama ta karye, ƙasusuwan ƙwauri biyun duka. Yana shekara 28, daidai lokacin da ɗan baya ke kan ganiyarsa. Wata goma ya yi yana jinya. A ƙarshen Janairun 2018 ya dawo a wasa da Leicester, ya buga minti 90 cif, Everton ta ci 2-1.

A 2019 ya zama kyaftin ɗin Everton bayan tafiyar Phil Jagielka, shekarar da Alex Iwobi ya zo daga Arsenal. Kuma wallahi ba lokacin jin daɗi ya karɓi kambun ba. Koci ya zo, koci ya tafi. Ƙungiyar ta sha da ƙyar daga faɗuwa a 2022 da 2023, a kakar da ta biyo baya kuma aka zabtare mata maki saboda karya dokar kashe kuɗi. A Fabrairun 2023, ana tsakiyar wannan fargaba, shi ya ci Leeds ƙwallo ɗaya tilo daga wani lungu da ba wanda ya zaci ƙwallo za ta shiga. Ya wuce Tim Howard ya zama wanda ya fi kowa buga wa Everton wasannin Firimiya. Da aka kori Sean Dyche a Janairun 2025, shi da Baines aka damƙa wa ƙungiyar a wasan kofin FA da Peterborough, suka ci 2-0. A watan Mayun 2025 kuma shi ya jagoranci 'yan wasa suka fito fili a wasan Firimiya na ƙarshe a Goodison Park.

Yanzu na san wani zai ce, to malam, kofi nawa ya ci? Gaskiya ɗaya ce, a duk shekarun nan bai ɗaga babban kofi ko ɗaya da Everton ba. Rabon ƙungiyar da kofi tun na FA a 1995, zamanin Daniel Amokachi. Kuma mai wannan magana yana da hujja, domin ƙwallo don a ci ake buga ta. Ba zan ce muku Coleman ya kai Dani Alves ko Philipp Lahm ba. Bai kai ba.

Sai dai ni a ganina, idan kofi kaɗai ne ma'auni, to ɗan benci a babbar ƙungiya da ya karɓi lambar yabo bai yi gumi ba ya fi mutumin da ya riƙe ƙungiya sama da shekara 16, ya karye ya dawo, ya tsaya lokacin da komai ke rushewa. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba. Magoya bayan Everton ma ba su yarda ba, shi ya sa har waƙa suke yi masa da kuɗin nan da aka saye shi. Abin da ya kamata ya zama gori, ya koma kirari.

Ga ƙannena masu buga lamba 2 ko lamba 3 a filin unguwa, kuna ganin kamar 'yan gaba kaɗai ake kallo: Coleman sai da ya kai shekara 20 kafin ya bar gasar ƙasarsu, kuma da 5-0 aka yi masa maraba. Ban ce kowa zai je Firimiya ba, ƙalilan ne ke zuwa. Amma fara wasa a ƙaramin wuri da mummunar rana ɗaya ba su ne ke yanke wa mutum hukunci ba.

Ku faɗa min ra'ayinku: da kai ne, za ka zauna a ƙungiya ɗaya a ƙaunace ka ba kofi, ko za ka tafi inda ake cin kofi ko da a benci za ka zauna? Sai mun haɗu a shiri na gaba.