Baraden Arewa: Ƙungiyar Da Nisan Hanya Ya Ci

 Jawabinmu na yau a kan nisan hanya yake. Tarihi ne na wata ƙungiyar ƙwallon kwando a ƙasar Amurka, wadda ta rayu shekara biyar kacal.

A 1977 ne aka kammala shimfiɗa bututun man fetur a jihar Alaska, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, inda sanyi ke daskarar da ruwa wata da watanni. Kuɗi ya shigo Ankorej, birni mafi girma a jihar, jama'a suka ƙaru. A shekarar ne wasu 'yan garin suka kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa mai suna Northern Knights, wato Baraden Arewa. Suka nemi shiga wata ƙaramar gasa wadda take ƙasa da babbar gasar NBA. An kafa gasar tun 1946 a jihar Fensilbaniya, kuma ƙungiyoyinta duk a gabashin ƙasar suke, sun saba zuwa wasa a mota su kwana a gida. Tsakaninsu da Ankorej kuwa ya zarce kilomita 5,000.

An karɓe su, amma da sharaɗi: duk ƙungiyar da za ta zo wasa Alaska, Baraden ne za su biya mata kuɗin jirgin sama. Suka amince. A ganinmu, tun ranar nan suka ɗauki Dala ba gammo. Ku dubi lissafin da kanku. Filin wasansu zauren motsa jiki ne na wata makarantar sakandare a yammacin birnin. Ko da ya cika maƙil, kuɗin ƙofar nan shi zai biya albashin 'yan wasa, shi zai ɗauko baƙi daga wancan ƙarshen nahiya ya mayar da su. Don a rage asara, baƙi kan yi wasanni a jere kafin su koma, su kuma Baraden in sun fita sai su daɗe suna zagaya gabas, gari bayan gari.

A fagen wasa kam ba su ba mutanensu kunya ba. A 1979 sun kai zagayen ƙarshe, ƙungiyar Rochester Zeniths ta doke su sau huɗu ba su rama ko ɗaya ba. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa, aka yi ta gwabzawa har wasa na bakwai, Baraden suka ɗauki kofin 1980 da nasara huɗu da uku. A wannan kakar ce gasar, wadda ta koma amsa sunan CBA tun 1978, ta ƙaro wata ƙungiya daga tsibiran Hawai, tsakiyar teku. Ita kaka ɗaya ta yi ta kwashe kayanta zuwa jihar Montana.

Akwai kuma Brad Davis, wanda ƙungiyoyin NBA uku suka gwada suka sallama, ya tafi Ankorej ya ci gaba da wasa. A Disambar 1980 Dallas Mavericks ta ɗauke shi daga can, ya yi mata wasa har 1992, daga baya ta jingine lambarsa ta 15 don girmamawa. Aikin ƙaramar gasa ke nan: ta reni ɗan wasa, in ya nuna sai manya su tsinke.

Kofi bai biya kuɗin jirgi ba. Baraden suka buga kakarsu ta ƙarshe, ƙungiyar ta watse a 1982. A 1983 birnin ya buɗe Sullivan Arena, katafaren zaure mai ɗaukar dubban 'yan kallo, irin wanda suka rasa duk tsawon rayuwarsu.