Dandalin da ba shi da ƙofa: jawabi kan wasan rufe bikin Essawira



Batun yau ya shafi Essawira, wani gari na bakin teku a ƙasar Maroko, da wasan da ake rufe bikinsa da shi. Tun shekara ta 1998 ake gudanar da bikin kiɗan Ginawa da kaɗe-kaɗen duniya a wannan gari, galibi cikin watan Yuni, na tsawon kwana uku ko huɗu. Babban fagensa shi ne dandalin Mulay Hasan, kusa da tashar jiragen masunta. Fili ne a buɗe: masunci, da tsohuwa da jikokinta, da baƙon da ya zo daga Faransa, kowa na iya tsayawa ya saurara ba tare da ya biya ko dala ba.

Ginawa dai zuriya ce ta baƙar fata waɗanda aka ƙetarar da kakanninsu hamada, akasarinsu cikin ƙangin bauta. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya gina tashar Essawira cikin shekarun 1760, kuma nan ayarin Tumbutu ya riƙa sauke kaya. Har yau ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa cikin waƙoƙinsu. Kayan kiɗansu su ne gimbiri mai tsirkiya uku, ɗan uwan garaya, da ƙarafan tafi irin sambani. Asalin aikinsu shi ne «lila», wato kwanan kiɗa da turare da tufafi masu launi-launi domin nema wa marar lafiya sauƙi. Duk wanda ya san bori ba zai ga baƙon abu ba.

Shekaru da dama ana yi musu kallon mabarata. Makaɗan jaz na Amurka sun riga mutane da yawa gane darajarsu: Randy Weston ya zauna Maroko tun ƙarshen shekarun 1960, Pharoah Sanders kuma ya yi faifai da Malam Mahmudu Giniya a 1994. Amma faifan da aka sayar a ƙetare ba ya sauya zuciyar maƙwabci. Abin da ya sauya ta shi ne ganin makaɗin unguwa bisa babban dandali, baƙi na biye da kiɗansa, gari duka na kallo. A watan Disamba na 2019 hukumar UNESCO ta sanya al'adar Ginawa cikin gadon ɗan Adam.

A wasan rufe bikin 2015, Malam Mahmudu, yana fama da ciwo, ya miƙa gimbirinsa ga ɗansa Husam a gaban dubban jama'a. Ranar 2 ga Agusta na wannan shekara Allah ya yi masa rasuwa. Da a zauren masu kuɗin shiga aka yi wannan miƙa gado, da ƴan ƙalilan ne za su shaida. Da yake a fili aka yi, yaran garin sun gani da idonsu, kuma gani ya kori ji.

Sai dai kyauta ba ta rasa mai biya. Kamfanoni da hukumomi ne ke ɗaukar nauyin bikin, an kuma keɓe gaban dandali ga masu katin shiga, sauran jama'a na bayan shinge. Ƙananan wasannin dare da ake yi cikin tsofaffin gidaje su ma na kuɗi ne. Ga kuma wata damuwa: lilar da ke kai wa asuba, idan aka taƙaita ta zuwa sa'a ɗaya ko biyu domin ƴan kallo, ana iya wayar gari da masu iya kaɗawa waɗanda ba su san abin da suke kaɗawa ba.

Masu shirya bukukuwa a Damagaram ko Tahoua suna da abin ɗauka a nan, domin masu goge da garaya ma sun san ɗacin raini. Ba yawan manyan baƙi ake auna biki da shi ba. A dubi daren rufewa: wa aka bari ya matso gaba, wa aka ɗora bisa dandali, yara nawa suka koma gida da sha'awar koyon kiɗan kakanninsu.