Matuƙin Ƙaramin Jirgin Sama a Filin da Babu Hasumiya



Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko na Murtala Muhammed a Ikko, lalle ya hangi wani dogon gini mai tagogin gilashi. Wannan ita ce hasumiya, inda ma'aikata ke zaune suna ba jirage izinin tashi da sauka ta rediyo. Amma ba kowane fili ke da ita ba. A Amurka ma, inda ƙananan jirage suka fi yawa, wajen kashi ɗaya cikin goma na filayen da aka buɗe wa jama'a ne kaɗai ke da hasumiya. A sauran kuwa matuƙa su ke tsara wa kansu zirga-zirga.

Ga yadda abin yake. Kowane fili yana da zangon rediyo guda wanda duk matuƙan da ke kusa za su kama. Idan matuƙi ya zo kamar mil 10 daga fili, sai ya ambaci sunan filin, ya faɗi irin jirginsa, da inda yake, da nisansa daga ƙasa, da abin da yake nufin yi. Ba izini yake nema ba, domin babu mai ba shi. Sanarwa ce ga duk mai saurare. Sa'an nan ya shiga kewayen da aka saba, watau ya zagayo titin sauka daga tsayin ƙafa 1,000 ko kusa da haka, yana juyawa ta hagu, sai fa inda aka tsara akasin haka. An zaɓi hagu ne saboda kujerar matuƙi a hagu take, ya fi ganin titin sosai. A kowace kwana yakan sake sanarwa, a taƙaice, gama muddin mutum ɗaya na magana ya tare zangon, sauran sai jira.

To, amma fa rediyo ba ya gani. Akwai jiragen da ba su da shi sam, akwai matuƙin da ya kama zangon da ba shi ba, akwai kuma wanda zai ce yana arewa da fili alhali yana gabas. Bugu da ƙari kowane jirgi da inda yake makancewa. Mai fiffike a bisa ba ya ganin abin da ke samansa, mai fiffike a ƙasa ba ya ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Idan na biyun ya gangaro bisa na farkon, sai su haɗu ba wanda ya ga ɗan'uwansa. A ƙasarmu kuma, idan hazon hunturu ya sauka, sai nisan gani ya ƙara raguwa.

Abin da ya faru a Watsonville, cikin jihar Kalifoniya, ranar 18 ga Agusta 2022, ya isa misali. Wani ƙaramin jirgi, Cessna 152, yana cikin kewaye yana gwajin sauka da tashi, sai wani mai inji biyu, Cessna 340, ya sanar cewa zai miƙo titin kai tsaye ba tare da kewaye ba. Dukansu sun yi magana, sun kuma ji juna. Amma babban ya taho da gudun fiye da kilomita 300 a sa'a, wanda ya zarce na sauka nesa ba kusa ba, ƙaramin kuwa ya riga ya juyo ya shiga gabansa. Da matuƙin ƙaramin ya hango shi, sai ya ce ya fasa sauka, amma lokaci ya ƙure. Suka yi karo, mutum uku suka rasu.

Saboda haka ne ake horon matuƙa da su fitar da ido waje, suna duban sararin sama yanki-yanki, su kunna fitilun jirgi ko da rana ce. Dokar duniya ta ce idan jirage biyu suka fuskanci juna kowanne ya kauce dama, idan kuma duka biyun sauka za su yi, na ƙasa ke da hanya, amma ba a yarda ya fake da wannan ya yanko gaban wanda ya riga ya miƙi titi ba. Wanda ya ji an ambaci jirgi bai kuwa gan shi ba, gara ya tambaya, ko ya fasa sauka ya sake kewayowa. Man da zai ƙona kaɗan ne. Bayan ya sauka ma akwai sauran magana ɗaya: da ya kauce daga titin sai ya sanar, domin na bayansa ya san hanya ta buɗe.