Ba A Yi Wa Mutum Aski Ba Ya Nan: Jawabi A Kan Naƙasassu Da Na'urorin Zamani



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin wannan ƙungiya tamu, Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da jama'arsu, iyayenmu mata, 'yan uwana 'yan kasuwa da samarinmu, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, an umarce ni in yi magana a kan naƙasassu, waɗanda a yanzu ake kira masu buƙata ta musamman, da kuma rabonsu a cikin waɗannan na'urori na zamani, wato wayar hannu da kwamfuta da intanet. Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, saboda haka zan yi maganar ne yadda muke yin ciniki, a buɗe huhu kowa ya ga goron da ke ciki.

Jama'a, kakanninmu da suka zo Agege fataucin goro, abin da mutum ke buƙata don ya yi ciniki shi ne jarinsa da amanarsa da maigidan da zai saukar da shi. Yau kuwa al'amari ya sake. Tun daga shekarar 2014 aka fito da lambar BVN, wadda sai an ɗauki hoton mutum da zanen yatsunsa kafin a ba shi. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, in ba haka ba a rufe shi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Sannan duk mun ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar Naira ta yi wuyar gani, kowa ya koma tura kuɗi ta waya da bin layin masu POS. Mu masu ido da hannu da ƙafa mun sha wuya, to ina ga wanda ba shi da ɗaya daga cikinsu?

Ku duba makaho. Yawancin wayoyin yanzu gilashi ne sumul, babu maɓallin da zai lalluba. In zai cire kuɗi, sai ya faɗa wa ɗan jagora ko mai POS lambarsa ta sirri, alhali kuwa a kullum ana yi mana gargaɗi kada mu faɗa wa kowa, ko da ɗan cikinmu ne. Ku duba wanda cutar kuturta ta ci yatsunsa. Na'ura tana neman zanen yatsa, shi kuwa babu yatsan. In bai yi dace da ma'aikacin da ya san hanyar da aka tanada domin irinsa ba, sai a ce ya je ya dawo, har ya gaji ya haƙura. Ku duba kurma. Sanarwa ta fito a rediyo, ko a tura ta da murya a WhatsApp, kowa ya ji ban da shi. Gurgu kuwa, yana da ido yana da hannu, amma matakala goma ce tsakaninsa da ofishin da ake rajista. Waɗannan mutane namu ne. Suna nan Agege, suna Idi-Araba, suna titin Kano da gidan Okobaba a Ebute Metta. Duk wanda aka rufe wa layi ko asusu, an yanke shi daga iyalinsa da ke Arewa, kuma an yanke shi daga duk wani tallafi da ake biya ta banki.

To, me duniya ta ce a kan wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke fama da naƙasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya a cikin kowane shida. Da ƙasashe suka yi babban taro a kan fasahar sadarwa a birnin Janiba a 2003, suka sake haɗuwa a Tunis a 2005, an sanya maganar naƙasassu a cikin abin da aka amince a kai. Amma babban aikin shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamba 2006. Nijeriya ta sa mata hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin sauƙaƙa wa naƙasassu shiga gine-gine da motocin haya, kuma ya ambaci na'urorin sadarwa da intanet da sunansu. Sashe na 4 kuwa ya ce in za a tsara doka ko manufa da ta shafe su, dole ne a yi shawara da su ta hanyar ƙungiyoyinsu.

Wannan magana ta shawara ita ce zuciyar jawabina. Lokacin da ake rubuta yarjejeniyar, ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu daga ƙasashe da yawa sun shiga zauren, sun yi gyara, sun yi gardama. Takensu shi ne kada a yanke komai a kansu ba tare da su ba. Maƙwabtanmu Yarabawa suna da karin magana mai wannan ma'ana, cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Mu ma a tarihinmu mun karanta cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, kuma an sha barinsa ya riƙe Madina. Mutum ne da aka ba amana da matsayi a cikin jama'a.

Akwai kuma yarjejeniyar Marrakesh ta ƙasar Maroko, ta shekarar 2013. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kuka cewa littattafan da makaho zai iya karantawa ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake bugawa ba. Wannan yarjejeniya ta ba da dama a mayar da littafi rubutun makafi na Braille ko a karanta shi da murya, a kuma tura shi wata ƙasa, ba tare da an jira izinin mai littafin ba. Nijeriya ta shiga cikinta a 2017.

A nan gida ma ba a bar mu ba doka. Jihar Legas ta riga gwamnatin tarayya, domin tun 2011 ta kafa dokar naƙasassu, wadda ta haifar da ofishin LASODA. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna wa naƙasasshe bambanci. Wanda ya saɓa, tararsa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuwa Naira miliyan 1. Dokar ta ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa a 2020. Ita ma JAMB tun 2017 ta yi wa makafi tsari na musamman don su rubuta jarrabawarta.

Kun ga ke nan takarda akwai ta. Amma ina tambayarku, a cikin makafinmu na titin Kano mutum nawa ne suka san da ita? An rubuta ta da Turanci, ana taronta a Abuja da Ikeja, waɗanda ake gayyata kuwa masu ilimin boko ne. Namu mutanen suna da tsarinsu tun kaka da kakanni, suna da sarakunansu, amma ba kasafai ake kiransu wurin shawara ba. Mu Hausawan Kurmi dama baƙi ake ɗaukarmu, to naƙasasshenmu baƙuntarsa biyu ce.

Abin da zai ba ku mamaki, wani maganin yana cikin aljihunmu. Wayoyin Android suna da wata manhaja mai suna TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver. In an kunna su, wayar ce za ta riƙa karanta wa makaho duk abin da yatsansa ya taɓa, har ya tura kuɗi da kansa. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka soma ginawa a 2006, kuma kyauta ake ba da ita. Kun ji abin da ke faruwa in aka bar mai ciwo ya nemi maganinsa. Sai dai akwai saura, domin yawancin waɗannan muryoyi Turanci suke yi. In suka ci karo da rubutun Hausa sai su karanta shi kamar Bature sabon zuwa, balle a zo ga ƙ da ɗ da ɓ. Haka kuma kuramenmu suna da maganar hannu tasu ta Hausa, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta buga littafi a 2000, amma wadda ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga Amurka. In ba mu faɗi wannan ba, wa zai faɗa mana?

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga shawarwarina guda biyar ga wannan ƙungiya.

Na farko, a ba naƙasassu kujera a kwamitin zartarwa, mace da namiji, kuma su ne za su zaɓi wakilansu, kada mu zaɓa musu. Duk wasiƙar da za mu kai LASODA ko hukumar ƙasa, su za su faɗi abin da za a rubuta, kuma da su za a je.

Na biyu, samarinmu da ke gyaran waya da sayar da ita a Computer Village ta Ikeja su koyi kunna TalkBack da VoiceOver, su ware rana ɗaya a wata su koya wa makafi. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na uku, duk sanarwar ƙungiya ta fita iri biyu, a rubuce domin kurma, da murya domin makaho. In muna taro, a nemi mai fassara da hannu, kuma a zauna a ƙasa inda keken gurgu zai iya shiga.

Na huɗu, ga 'yan uwana masu POS da masu shago. Lambar sirrin makaho amana ce. Ka miƙa masa na'ura ya danna da kansa in zai iya, ka faɗa masa abin da aka cire da babbar murya a gaban shaida. Wanda aka kama ya ci wannan amana, ƙungiya ta hukunta shi kamar yadda take hukunta mai tauye mudu.

Na biyar, yara. Ga makarantar makafi ta Pacelli a Surulere, ga cibiyar koyon sana'a ta makafi a Oshodi, a Kano ga Tudun Maliki. Yaron da ke jan mahaifinsa bara tun safe, shi ma an hana shi karatu, naƙasar mutum ɗaya ta zama ta mutum biyu. In uban ya iya sarrafa wayarsa da kuɗinsa, an rage wa yaron kaya. Mu ɗauki nauyin ko da yara biyar ne a shekara daga asusun ƙungiya.

Ranar 3 ga Disamba ita ce ranar naƙasassu ta duniya. Ina roƙon shugabanni su sa ta zama ranar da za mu riƙa zama muna bin waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanda aka yi da wanda ba a yi ba.

Jama'a, kada mai lafiya ya ɗauka wannan magana ta wasu ce. Hawan jini da ciwon suga suna makantar da mutane, haɗarin mota a hanyar Ikko zuwa Kano yana gurgunta su, tsufa kuma yana rage ji da gani. Abin da muka gyara yau, wataƙila mu ne za mu ci moriyarsa gobe.

Yanzu zan zauna, ina kuma roƙon shugaban taro ya miƙa abin magana ga Sarkin Makafi da 'yan uwansa, domin su suka fi ni sanin inda ke yi musu ciwo. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, ya albarkaci kasuwancinmu, ya bar zumunci.