Soket: yadda manhajoji biyu ke magana da juna ta intanet

Yau kan soket za mu tattauna. Duk lokacin da ka buɗe shafi a burauza ko ka tura saƙo a WhatsApp, a can ƙasa soket ne ke ɗauke da maganar. Wanda ya taɓa rubuta ɗan lamba da Python zai bi mu ba wahala, wanda bai taɓa ba ma ya zauna, ba za mu bar shi a hanya ba.

To mene ne soket? Bakin hanya ne da manhaja ke roƙa daga tsarin kwamfuta don ta aika bayanai ko ta karɓa. Salon da kusan kowa ke amfani da shi yau ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, cikin tsarin 4.2BSD a shekarar 1983. Sama da shekara 40 ke nan, amma sunayen umarnin ba su canza ba. Ko C kake rubutawa ko Python, su za ka tarar.

Ɓangarori biyu ne. Akwai uwar garke, wato saba, mai zaman jira. Akwai kuma mai nema, wanda ke zuwa ya ƙwanƙwasa. Kafin su haɗu ana buƙatar adireshin IP da lambar fot. Adireshi shi ne gidan, fot kuma ƙofar ɗakin da kake nufi a cikin gidan. Lambobin fot daga 0 suke zuwa 65535. 80 na shafukan yanar gizo ne, 443 na shafukan da aka tsare da HTTPS, 22 na SSH. A Linux waɗanda ke ƙasa da 1024 galibi sai da izinin mai gida, shi ya sa idan gwaji kake yi ka ɗauki irin su 5000 ko 8080, ka huta.

Saba tana buɗe soket, ta yi bind ta kama adireshi da fot, ta yi listen, sannan ta tsaya a accept. Mai nema aikinsa kaɗan ne, ya buɗe soket ya yi connect. Abin da masu koyo ke yawan mantawa shi ne accept sabon soket yake ba ka, na wannan baƙon kaɗai. Na farkon yana nan a ƙofa yana jiran mai zuwa na gaba.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan jima. TCP ya yi maka alƙawarin bayanai za su isa cikakku kuma a jere, ko kuma a sanar da kai haɗin ya tsinke. Bai taɓa yi maka alƙawarin zai kiyaye iyakar saƙonninka ba. Kamar ruwa ne a bututu, ka zuba bokiti uku, a can ƙarshe ruwa kawai ke fitowa, babu alamar inda bokitin farko ya ƙare. Ka yi send sau biyu, recv ɗaya zai iya kwaso su a haɗe. Ka yi send sau ɗaya, zai iya zuwa gutsure uku.

Matsalar ita ce a kan kwamfutarka, da adireshin 127.0.0.1, kusan kullum komai lafiya lau yake tafiya. Sai ka ɗauka ka gama. Ranar da manhajar ta hau netwok na waya, wanda ke ɗaukewa yana dawowa, ranar za a ga abin mamaki. A ce saƙon "tura 15000" ne, recv ya kawo maka "tura 150", sauran sifilai biyu suna hanya, kai kuma ka riga ka yi aiki da abin da ya zo. Wa za a kama?

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin namu. A tsarin UTF-8, haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci. Kalmar "ƙasa" harafi 4 ce amma bayit 5. Idan ka ƙirga haruffa ka ce shi ne tsawon saƙo, ka yi gaba ka bar bayit ɗaya a baya. Idan kuma saƙon ya tsinke daidai tsakiyar ƙ ka yi saurin decode, Python zai jefo maka UnicodeDecodeError. Wanda ya gwada manhajarsa da Turanci zalla ba zai ga wannan ba sai masu amfani sun fara rubuta sunayensu.

Maganin ba wuya. Ni abin da na fi so shi ne a sa tsawon saƙo a gaba: bayit 4 na farko su faɗi bayit nawa ke biye, sai ka yi ta recv kana tarawa har adadin ya cika, sannan ka yi decode. Wasu suna rufe kowane saƙo da alamar sabon layi, shi ma yana yi idan rubutu ne kawai. A wajen aikawa kuma ka yi amfani da sendall, domin send zai iya tura rabi ya dawo. Kuma don Allah ka sa iyaka. Idan wani ya ce maka saƙonsa gigabayit 4 ne, ka rufe masa ƙofa, kada sabarka ta tsaya tana tanadar masa wuri. Idan recv ya dawo hannu wofi, ɗayan ɓangaren ya rufe ke nan, kai ma ka yi close.

UDP shi yana kiyaye iyakar saƙo, amma saƙon zai iya ɓacewa ko na baya ya riga na gaba. Ya dace da kiran murya da tambayoyin DNS, inda jira ya fi asara ciwo.

Abu biyu da kusan kowa ke cin karo da su a makon farko. Ka kashe saba ka sake kunnawa nan take, ta ce "Address already in use". Ba lalacewa ta yi ba, tsarin yana riƙe da tsohon haɗin na ɗan lokaci ne, ka sa SO_REUSEADDR kafin bind. Na biyu, abokinka ya kasa shigowa daga wayarsa. Idan a 127.0.0.1 ka yi bind, kai kaɗai za ka iya shiga. Idan ka mayar 0.0.0.0, duk wanda ke kan wayifai ɗaya da kai zai iya ƙwanƙwasawa, har wanda ba ka gayyata ba. Idan kuwa da datar waya kake, galibi kamfanin sadarwa ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka daga waje ba mai iya iso ka. Sai ka nemi saba ta haya mai adireshinta na kanta.

Ga aikin gida. Ka rubuta saba mai mayar wa mutum duk abin da ya turo, ka sa recv ya riƙa karɓar bayit 1 kacal da gangan, ka tura mata "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya". Ka gyara ta har jimlar ta dawo cikakkiya, ka ajiye mana lambarka a sashen sharhi mu duba tare. A shiri na gaba za mu ga yadda saba ɗaya ke kula da mutane da yawa lokaci guda, domin wadda muka bayyana yau idan ta tsaya da baƙo ɗaya, sauran sai dai su yi ta jira a layi.